Takardar da Hisham Ya Kawo

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Na san sati uku ke nan ban saki komai ba, kuma na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce ko dai aure na yi ban gayyace ku ba. Ba aure na yi ba. Abin da ya riƙe ni shi zan ba ku yau, kuma babu ƙirƙira a ciki. Wadda ta zo neman ci gaban littafi ta yi haƙuri ta ji wannan tukuna.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan, sunana Siddiƙa, shekarata ashirin da biyu. 'Yar Bama ce ni, amma a unguwar Lamisula ta Maiduguri muke zaune ni da mahaifiyata Ya Kaltum, a ɗaki biyu cikin gidan yayanta Kawu Umara. Mahaifinmu ya rasu tun kafin rikici. Littafin da nake rubutawa, Kwana Uku a Ƙafa, labarin fitowarmu ne daga Bama a 2014, ina da shekara goma sha biyar. Mu uku muka fito, ni da Ya Kaltum da yayana Babagana, mu biyu muka iso Maiduguri. A wajen Kawuri ya zaunar da mu a gindin wata tsamiya ya ce zai nemo ruwa. Shekara bakwai ke nan, babu gawa babu labari. Sunan kowa na canza a littafin ban da nasa, don Ya Kaltum ta ce in bar shi yadda yake, har tabon ƙunar da ke hannunsa na hagu.

A waya nake rubutu. Tun watan Janairu da aka fasa turakun wutar hanyar Damaturu garin nan yake cikin duhu, saboda haka kullum sai in kai wayata shagon Malam Ya'akubu mai caji a bakin layinmu, in karɓi lamba a ɗan kwali, in dawo bayan azahar. Matan da ke cikin gurup ɗina na WhatsApp sun kai ɗari biyu, kowace ta biya ɗari uku ta shiga. Da wannan nake sayen data da maganin hawan jinin Ya Kaltum. Ba arziki ba ne, amma nawa ne.

A watan Maris wata mai karatu daga Damagaram ta turo mini saƙo, wai ashe Anti har a YouTube na saka littafin ban gaya musu ba. Na danna abin da ta turo. Wata tasha ce mai suna Kunnen Gari. Muryar wata mace ce, mai taushi, da busar sarewa a ƙarƙashi, tana karanta kalmomina ɗaya bayan ɗaya. A fuskar bidiyon sun sa hoton wata farar yarinya tana hawaye, an rubuta wai labarin gaskiya daga bakin wata 'yar gudun hijira. Na duba sama na duba ƙasa, babu sunana ko'ina. Kashi na farko kaɗai mutum dubu ɗari huɗu sun saurara. Daidai wurin da Babagana ya ɗauki galan ya juya mana baya, sai karatun ya tsaya aka shigo da tallar man shafawa. Na kashe. Tun daga ranar ban taɓa iya jin kashi ɗaya har ƙarshe ba, da na ji minti biyu sai in fita.

Na rubuta musu a ƙarƙashin bidiyon cewa littafina ne, na sa lambata, na ce su kira ni. Washegari an goge rubutun. Babu wanda ya kira.

A cikin wannan ɓacin ran Hisham ya shigo rayuwata.

Kawu Umara dillali ne a Kasuwar Shanu, kuma mahaifin Hisham yake yi wa dillanci, wani Alhaji Bashuwe da ke loda tirela biyu zuwa kudu duk sati. Wata ranar Lahadi bayan la'asar Kawu ya shigo da shi har tsakar gida, wai ɗan maigidansa ne ya rako shi. Dogo ne, wankan tarwaɗa, ya sa shadda ruwan toka da hular zanna da aka kafa ta daidai, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gai da Ya Kaltum da Barbarcin da bai nuna ba, wushe wushe yake ta maimaitawa, har ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. A Jiddari Polo gidansu yake, shi kuma yana da shagon wayoyi a cikin gari.

Ba zan ɓoye muku ba, na so shi. Samarin da suka taɓa zuwa wurina, da sun ji ina rubutu sai su ce ai bayan aure na daina. Shi kuwa ya karanta littafin kaf. Ya san sunan ƙauyen da aka ba mu ruwan rijiya a ƙwarya, ya san launin zanen da Ya Kaltum ta yaga ta ɗaure mini ƙafa. Kullum da safe saƙonsa ne na farko: Marubuciyata, an tashi lafiya? Idan ya zo zance nakan sa laffayata ruwan zuma, in shafa humrar da nake tattali, in zauna a gefen tabarma ina jin kaina wata babba. Na ba shi labarin Kunnen Gari, ya girgiza kai ya ce Allah wadaran masu cin gumin mutane, ya ce in bar masa zai bincika.

Sai maganar babi na goma sha uku.

Babin ya fi kowane wahalar rubutuwa a wurina, shi ne ranar da muka isa Konduga Ya Kaltum ta ƙi shiga motar sojoji ta ce ɗanta yana baya. Na gama shi na ajiye, ban saka a gurup ba. Hisham ya yi ta roƙo wai shi dai ba zai iya jira ba, ya turo hoton zuciya ya fi goma. Na tura masa. Bayan kwana tara 'yar Damagaram ta sake turo saƙo, wai Anti yaya aka yi YouTube suka riga mu, mu da muka biya?

Abin kunyar da na yi shi ne Malam Ya'akubu na fara zargi. Na gaya wa Hisham a waya, kafin in rufe baki ya ce tabbas shi ne, masu cajin nan babu abin da ba sa kwashewa. Na yafa mayafi na je shagon, a gaban mutane na tambayi dattijon ko yana buɗe wayoyin da ake ba shi amana. Bai yi fushi ba. Ya ɗaga 'yar Nokiyarsa da aka ɗaure da roba ya nuna mini, ya ce shi ko kunna irin tawa bai iya ba, kuma 'ya'yansa huɗu da wannan shagon suke ci, in yi masa rai. Na dawo gida. Da yamma Hisham ya aiko da ƙaramin faifan sola da batirinsa, wai don kada in sake kai wayata hannun kowa.

Kawu ya yi ta sa albarka. Ni kuwa ina kallon faifan a kan rufin kwano ina lissafi a raina. Wayoyi biyu ne kawai a duniya suke da babin nan. Da na tambaye shi a hankali, sai ya ce wayarsa a shago take yini, yaran shago da kwastomomi kowa na taɓawa, ƙila ta nan ne. Ya faɗa yana gyara agogon hannunsa, bai dube ni ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ya zo da takarda a cikin farin ambulan. Shafi huɗu ne da Turanci. Ya ce wani kamfani ne a Kano mai suna Tauraron Tafki, abokansa ne, suna son sayen littafin a kan naira dubu ɗari biyu da hamsin, kuɗi a hannu, kuma su da kansu za su yi maganin Kunnen Gari. Har biro ya ciro daga aljihun gaba ya ajiye a kan tabarma. Na ce zan karanta. Ya ce ai shi ya karanta mini, babu komai sai alheri. Na ce duk da haka zan karanta.

Washegari da hantsi Kawu ya kira ni ƙofar ɗakinsa. Ya ce mutanen Jiddari Polo suna maganar a sa rana bayan babbar Sallah, kuma yarinyar da ta ƙi shawarar manemin aurenta ta farko, ana gani ana ajiyewa. Ya ce kuɗin nan gado da katifa ne, da kwanuka, abin da shi ba shi da halin yi mini a wannan marrar. Ya ce rubutun waya ba gona ba ne, yau ana yayinsa gobe an manta. Ya Kaltum tana zaune a kan turmi tana yanka kuɓewa, ba ta ɗago ba. A lokacin na ɗauka kunyar yayanta take ji.

Na karanta takardar sau uku. Na yi difloma, amma Turancin lauyoyi wani yare ne daban. Abin da ya hana ni sa hannu ba wani ilimi ba ne, gaggawarsu ce kawai. Saƙon safe ya tashi daga an tashi lafiya ya koma an sa hannu kuwa?

Ranar Asabar ɗin sama akwai taron marubuta da mawaƙa a ɗakin taron wata makaranta a Mafoni. Da ma ina da niyyar zuwa, sai na cusa ambulan ɗin a jaka na tari keke. Mun kai mu arba'in, ana fifita da takardar jadawali don janareto ya ƙi tashi. Wadda aka gayyato ta yi bayani wata lauya ce, Barista Naomi Pindar, 'yar Biu, gajeriya mai tabarau, Hausarta tas. Abu na farko da ta faɗa shi ya fi zauna mini. Ta ce daga lokacin da ka rubuta abu da kanka, naka ne a wurin doka, ko a littafin makaranta ka rubuta ko a waya, kuma wanda ya biya ya karanta bai sayi ikon sayarwa ba.

Daga nan aka kaure da muhawara. Wani mawaƙin coci, Alfred, ya ce waƙarsa tana cikin wayar kowa daga nan har Mubi, masu tura waƙoƙi a kasuwa suna karɓar hamsin hamsin a kanta, shi ko kuɗin situdiyo bai mayar ba. A ganinsa gwamnati ta sa ɗan kaso a kan kowace waya da katin ajiya da aka shigo da su, a tara a raba wa masu fasaha. Aka yi masa caa, wasu suka ce kuɗin da ya shiga irin wannan asusu a Abuja zai tsaya, wa ya san da wata marubuciya a Lamisula. Wata Hajiya mai rubuta littattafan girki ta ce ita dai a rufe tashoshin duka, a kama mutum biyu a ɗaure, saura za su shiga taitayinsu. Barista Naomi ta bar su suka gaji, sannan ta ce rufewa tana da sauƙi amma ba ta sa tukunya a wuta. Ta ce mai karantawa da murya shi ma aiki yake yi, kuma yana kai labari kunnen matan da ba su iya karatu ba, a sansani da ƙauye. Abin da ya kamata shi ne ya nemi izini, ya faɗi sunan mai abu, ya ba da kaso daga abin da talla ta kawo, ya kuma nuna lissafin a fili. Ta ce mutum ɗaya ba zai iya tilasta wannan ba, amma marubuta ɗari da suka haɗa kai da takarda iri ɗaya za su iya. Aka kafa kwamiti, kamar yadda aka saba, aka sha lemo aka watse.

Na tare ta a bakin ƙofa na miƙa mata ambulan. Ta zauna a kan benci ta karanta da biro a hannu, tana ja wa wasu layuka layi. Ta ce takardar ta ba kamfanin littafin har abada, a kowane harshe, da murya da fim da duk abin da za a ƙirƙiro nan gaba, har da duk abin da zan rubuta a matsayin ci gabansa, kuma ba dole ne su ambaci sunana ba. Sai ta buɗe shafi na uku ta ɗora yatsa a kan sakin layi na bakwai.

"Nan kuma kin yafe duk wani amfani da kamfanin ko abokan hulɗarsa suka yi da littafin a baya," in ji ta. "Ƙanwata, wanda bai taɓa taɓa kayanki ba, me zai sa ya nemi ki yafe masa na baya?"

Na ce ban sani ba. Amma na sani.

Ta ciro kwamfuta daga jaka ta nemo rajistar kamfanin. Ba a Kano yake ba kamar yadda Hisham ya sa na ɗauka. Adireshinsa lambar shago ce a cikin garin nan, shagon wayoyin Hisham da na taɓa zuwa aka ba ni kujera da ruwan sanyi.

A cikin keke na buɗe wayata. Da ma na ɗauki hoton rubutun da na yi wa Kunnen Gari kafin a goge shi, yana nan da kwanan wata, tara ga Maris. Na gangara can ƙasan hirarmu da Hisham, saƙonsa na farko, na daren ranar da Kawu ya kawo shi. Goma sha huɗu ga Maris. Kwana biyar. Mai keken ya tsaya a shingen 'yan gora masu sintiri ana duba bayan motar gabanmu, ni kuwa ina zaune ina kallon lambobin nan biyu.

Barista ta ba ni zaɓi biyu. Ko ta rubuta sabuwar takarda da sunana a kai da kasona da wa'adin shekara biyu, a kai musu, ko ta shigar da ƙorafi a sauke bidiyoyin. Ta ce in yi tunani, don idan ƙorafi ya yi yawa a kan tasha ana iya rufe ta gaba ɗaya, kuma abin da aka rufe babu kason da za a raba a cikinsa. Ban yi tunani ba. Ranar Litinin na tura mata duk shaidata, daga babin farko da ranar da na saka shi, na ce a sauke. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Ranar Alhamis Hisham ya zo bayan la'asar. Ban sa laffaya ba, ban shafa humra ba, da hijabin sallata na fita. Ya lura, ya yi murmushi ya ce ko Marubuciya ba ta da lafiya ne. Na ajiye ambulan a tsakaninmu, na buɗe shafi na uku.

"Kunnen Gari taka ce?"

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce tasu ce, shi da wani abokinsa, mai karatun kuma 'yar gwaggonsa ce. Ya ce da ya ga rubutuna a ƙarƙashin bidiyon ya tsorata, ya bi lambar ya gano 'yar ƙanwar dillalin babansa ce, ya zo ne don ya ga wace iri ce ni. Ya rantse cewa abin da ya biyo baya ba shiri ba ne, son gaskiya ne. Ya ce kuɗin ba su kai yadda nake zato ba, ga man janareto, ga data, ga ladan mai murya. Na ce to ya buɗe wayarsa ya nuna mini abin da littafina ya kawo tun daga Maris. Ya ce abokinsa ke riƙe da wannan ɓangaren. Na ce na ji. Na ce kuɗi daban, amma sunana fa, me ya tsare masa?

"Da na sa sunanki, da mutane sun neme ki kai tsaye," in ji shi, a hankali.

Wannan ce kaɗai maganarsa da na tabbata gaskiya ce. Na ce masa ya tashi ya tafi, kuma na kira shi da sunan da ya dace da wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba. Nan fuskarsa ta canza. Ya ce na farko ya yarda kuskure ne, amma tun watan Afrilu da izini yake yi, izinin gidan nan. Ya buɗe wayarsa ya miƙo mini hoton wata takarda, rabin shafi da Hausa, an dangwala yatsa da shuɗin tawada a ƙasa. Na riga na buɗe baki zan ce Kawu ba shi da iko a kan rubutuna. Sai na karanta sunan da ke ƙarƙashin yatsan.

Kaltum Bukar.

Ban san lokacin da ya tafi ba. Na shiga ciki na samu Ya Kaltum a madafa tana tuƙa biski, hayaƙi ya cika mata ido. Na tsuguna a bakin ƙofa. Da Barbarci muka yi maganar, zan ba ku da Hausa.

"Ya, wace takarda aka sa ki dangwala?"

Ina jira ta ce an ce mata ta tallafi ce, ko ta rajistar abinci, in samu wanda zan ɗora wa laifi. Ba ta daina tuƙi ba. Ta ce ba wanda ya sa ta. Ta ce yaron ya zo da Kawu ranar da na je asibiti karɓo mata magani, ya faɗi abin da ya yi, Kawu ya fassara mata takardar layi bayan layi, ta gane sarai. Ta ce Kawu ya karɓi abin da ya karɓa, ita ko sisi ba ta taɓa ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kuma yaron ya cika. A ƙarshen kowane kashi, tun daga na tara, mai karatun tana faɗin sunan Babagana da na mahaifinsa da unguwarmu a Bama da tabon hannunsa, sannan ta ba da lamba, ta maimaita sau biyu.

Ta sa hannu a cikin lalitarta ta ciro wata 'yar ƙaramar waya baƙa da ban taɓa gani ba.

Ta ce sau uku aka kira. Na farko wani ne mai neman a tura masa kati. Na biyu wata tsohuwa ce daga Monguno da ita ma nata ɗan ya ɓata, suka yi kuka tare suka rabu. Na uku wata mata ce daga wajen Mora a Kamaru, kwana goma sha ɗaya da suka wuce. A wayar maƙwabciyarta ta ji karatun. Ta ce akwai wani mai gyaran takalma a kasuwarsu, ɗan Bama, ba ya yawan magana, kuma hannunsa na hagu a ƙone yake. Ba ta riƙe sunan uban da na unguwar ba, ta ce za ta koma ta sake saurara da kyau, ta je ta tambaye shi, sannan ta kira. Lambar da ta kira da ita ta aro ce, an gwada ba ta shiga.

Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce ta ga yadda nake kashe wayar duk lokacin da muryar ta fito, ta san zan hana.

"Na san guminki ne, Siddiƙa, kuma na san an zalunce ki," in ji ta. "Amma matanki ɗari biyu ne. Can dubu ɗari huɗu ne. Ki karɓi haƙƙinki ta duk hanyar da kika ga dama, ki ƙi yaron in kin so, ba zan ce komai ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki sa a taɓa karatun nan sai matar ta kira."

Na san a wurin doka yatsanta bai ba kowa littafina ba. Na san matar Mora tana iya zama kowa, har tana iya zama 'yar gwaggon Hisham da wata muryar, don yanzu babu abin da ba na zargi. Ina tsugune ina jujjuya wannan a raina wayata ta yi ƙara a aljihun hijabi. Barista Naomi ce. Saƙon gajere ne: Barka ƙanwata, an sauke duka goma sha ukun, tashar ma an dakatar da ita.

Ya Kaltum ta sauke tukunya, ta goge ido da bakin zane, ta tambaye ni waye.

Na kife wayar a cinyata na ce mata 'yan gurup ne suke neman sabon babi.

Yau kwana biyu ke nan. Barista ta ce zan iya janye ƙorafin, amma ba ta da tabbacin kwana nawa zai ɗauka kafin a mayar, kuma ko an mayar da tashar, sai masu ita sun ga dama bidiyoyin za su sake fitowa. Da safen nan Hisham ya turo saƙo, babu Marubuciyata, babu hoton zuciya. Ya ce ya ga aikina. Ya ce in janye in sa hannu a takardar yadda take, ya mayar da komai, in kuma na ƙi to shi ya haƙura da littafin, akwai marubuta da yawa.

Ambulan ɗin yana ƙarƙashin katifata. Ya Kaltum tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, 'yar wayar tana kan cinyarta, kuma har yanzu ban gaya mata ba.